Tambayoyi da Amsoshi Kan Ayyukan Kare Ƙasar Noma, Ruwa da Albarkatun Karkara

Mazauna karkara da yawa sun san da zaman ofishin da ke kula da kare ƙasa da ruwa a yankinsu, amma akasarinsu ba sa taka ƙafa can sai bayan kwazazzabo ya raba gona biyu, ko rijiya ta ƙafe a tsakiyar rani, alhali a lokacin gyaran ya riga ya yi tsada. An tattara tambayoyin da ke ƙasa ne daga irin waɗanda manoma da makiyaya da masu gidaje suka fi yi, domin mutum ya san abin da zai nema da abin da za a nema daga gare shi tun ɓarna ba ta yi nisa ba.

Mene ne aikin ofishin kare ƙasa da ruwa?

Ofishi ne na yanki, wanda ke taimaka wa masu amfani da ƙasa su ci moriyarta ba tare da sun ƙarar da ita ba. Sunansa da tsarinsa sun bambanta daga wata ƙasa zuwa wata. A wani wuri sashe ne na ƙaramar hukuma, a wani wuri kwamiti ne da manoma ke zaɓa daga cikinsu, a wani wurin kuma ƙungiya ce ta sa-kai da malaman gona ke mara wa baya. Ayyukan dai kusan iri ɗaya ne ko'ina: duba gona da auna gangararta, gwajin ƙasa da na ruwa, tsara hanyar da ruwan sama zai bi ba tare da ya yi ɓarna ba, samar da dashen itatuwa da irin ciyawa, ba da aron wasu kayan aiki, da kuma haɗa maƙwabta a kan matsalar da ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Malamin gona na yau da kullum ya fi mai da hankali ga amfanin da za a girbe bana, shi kuwa jami'in wannan ofishi yana duban ko gonar za ta iya ba da irin wannan amfanin nan da shekara ashirin.

Daga ina wannan tsari ya samo asali?

Manoma sun daɗe suna tare ruwa da jera duwatsu a gangaren tsaunuka tun kafin a san wani abu wai shi ofishi, kuma matakalan gona da aka sassaƙa a jikin duwatsun Feru da Yaman da Filifin shaida ne a kan haka. Amma tsarin da hukuma ke kafa ofishi na musamman a kowane yanki ya yi ƙarfi ne a Amurka cikin shekarun 1930, lokacin da fari ya haɗu da yawan huɗar filayen ciyawa, iska ta riƙa kwashe ƙasar gonaki tana rufe garuruwa da ƙura. Guguwar ranar 14 ga Afrilu, 1935 tana cikin mafiya muni, kuma kafin watan ya ƙare majalisar dokokin ƙasar ta amince da dokar da ta kafa hukumar kare ƙasar noma, wadda wani masanin ƙasa mai suna Hugh Hammond Bennett ya shugabanta.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne darasin da hukumar ta koya cikin ɗan lokaci: manomi ba ya sauya yadda yake noma don wani jami'i daga babban birni ya ce ya sauya, amma yana sauraron maƙwabcinsa da ya gwada ya ga amfani. Saboda haka a 1937 Shugaba Roosevelt ya aika wa gwamnonin jihohi daftarin dokar da ta ba masu gonaki damar kafa gundumomin kare ƙasa da kansu, aka kuwa kafa ta farko a Karolina ta Arewa a wannan shekarar. A yau akwai irinsu kusan 3,000 a ƙasar. A Ostireliya ma an bi hanya mai kama da wannan, inda ƙungiyoyin manoma masu kula da ƙasa suka fara a jihar Biktoriya a 1986, suka bazu zuwa faɗin ƙasar, daga baya har zuwa wasu nahiyoyi.

Gonata ba ta da kwazazzabo. Shin zaizayar ƙasa ta shafe ni?

Mai yiwuwa ta shafe ka, kuma irin wadda ba a gani ita ce ta fi yawa. Idan ɗigon ruwan sama ya faɗi a kan ƙasar da babu abin da ya rufe ta, yakan farfasa dunƙulenta, ƙananan ƙwayoyin su toshe ƙofofin da ruwa ke bi ya nutse, sai ruwan ya malala a sama yana ɗauke da ƙasa mafi laushi da mafi yawan taki. Wannan ba ya barin rami, shimfiɗa ce siririya yake kankarewa daga dukkan gonar a kowace damina.

Lissafin yana da sauƙi. Idan aka rasa ƙasa mai kaurin milimita 1 kacal daga gona mai faɗin hekta 1, abin da ya tafi ya kai tan 12 zuwa 15, gwargwadon nauyin irin ƙasar. Kaurin milimita 1 bai kai na kwabo ba, ido ba zai lura da shi ba, amma a shekara goma ya zama santimita 1, kuma samuwar santimita 1 na ƙasar sama daga dutse yana ɗaukar ɗaruruwan shekaru, a wasu wurare har ya kusa dubu. Hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta ƙiyasta cewa kimanin kashi ɗaya cikin uku na ƙasar noman duniya ta riga ta lalace zuwa wani mataki, alhali kusan kashi 95 cikin 100 na abincin ɗan Adam daga ƙasa yake fitowa. Mutumin da ke ƙara buhun taki kowace shekara don ya sami abin da mahaifinsa ke samu ba tare da taki ba, sau da yawa kuɗin ƙasar da ruwa ya tafi da ita yake biya.

To ta yaya zan gane cewa ƙasata tana tafiya?

Ka fita gona jim kaɗan bayan ruwa mai ƙarfi, kafin rana ta busar da alamun. Ka duba launin ruwan da ke fita daga gefen gonar, domin jan ruwa ko baƙi mai kauri ƙasarka ce ke tafiya. Ka duba ko saiwoyin itatuwa sun fito fili, ko ƙananan duwatsu suna zaune a kan 'yan tudun ƙasa kamar an ɗora su, ko yashi ya taru a bayan shinge, ko kuwa ɓangaren tudu ya yi fari-fari yayin da na kwari ya yi baƙi. Idan shukar da ke tudu takan riga ta kwari yin yaushi bayan kwana kaɗan babu ruwa, alama ce ta cewa ƙasar wurin ta yi siriri.

Idan na nemi taimako, wane mataki ake bi?

Da farko jami'i zai zo ya zaga gonar tare da kai, kuma yana da muhimmanci ka kasance a wurin da kanka, ko ka tura wanda ya fi kowa daɗewa yana noma ta, saboda taswira ba ta san inda ruwa ke kwanciya ba, kai ne ka sani. Zai auna gangara, ya haƙa 'yan ramuka ya ga zurfin ƙasa da irinta, ko yashi ce ko yumɓu ko gauraye, ya tambaye ka abin da ka shuka a shekarun baya, da yawan dabbobinka, da inda kake samun ruwa. Daga nan sai a rubuta abin da ake kira tsarin kare gona, wanda ya ƙunshi zanen gonar, da matsalolin da aka gano, da ayyukan da za a yi bi da bi, yawanci cikin shekara uku zuwa biyar.

Tsari mai kyau yakan fara da abin da ba ya cin kuɗi sosai. Idan jami'i ya fara maganar babban gini kafin ya tambaye ka hannu nawa kake da su a lokacin aiki, ka sake zama da shi, domin tsarin da ya fi ƙarfin mai gona a takarda yake ƙarewa.

Shin ana tilasta wa mutum, ko kuwa shiga wannan tsari zai iya taɓa mallakar gonata?

A mafi yawan wurare shawara da tsarin kare gona na son rai ne, kuma ba sa sauya mallakar ƙasa. Sai dai idan ka karɓi tallafin kuɗi ko kayan aiki, akan sa hannu a yarjejeniyar da ke ɗora maka kula da aikin na wasu shekaru, don haka ka karanta ta sosai, ko ka sa wanda ka amince da shi ya karanta maka. Akwai kuma ayyukan da doka ke sa wa ido ko da a cikin gonarka ne, kamar datse rafi, busar da fadama, haƙa rijiya mai zurfi da sare itatuwan bakin kogi. Dokokin sun bambanta daga wuri zuwa wuri, kuma ofishin yankinka ne zai faɗa maka wanda ke buƙatar izini.

Ana biyan kuɗi?

Ziyara da shawara yawanci kyauta ne, gwajin ƙasa da dashe da aron kayan aiki kuwa akan biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Inda akwai tallafi, an fi yin sa ta hanyar raba ɗawainiya, hukuma ta ɗauki wani kaso, mai gona ya ɗauki saura da kuɗi ko da ƙarfinsa. Kada ka fara aikin kafin a amince da buƙatarka a rubuce, saboda da wuya a biya kuɗin abin da aka riga aka yi.

Mene ne amfanin gwajin ƙasa, kuma yaya ake ɗibar samfurin?

Gwaji yana nuna tsamin ƙasa, da yawan sinadaran da shuka ke ci, musamman fosfaras da fotashiyam, da kuma yawan ruɓaɓɓen ganye da taki da ke cikinta. Ana auna tsami da ma'auni mai hawa daga 0 zuwa 14, inda ƙaramar lamba ke nufin tsami mai yawa, kuma yawancin amfanin gona ya fi jin daɗin ƙasar da ke tsakanin 6 da 7. Idan ma'aunin ya sauka ƙasa da 5.5, ƙasar takan riƙe fosfaras ta hana shuka, ta yadda mutum zai zuba taki mai tsada amma ya ga kamar bai zuba ba, alhali abin da gonar ke buƙata shi ne garin farar ƙasa da zai rage tsamin.

Kuskuren da aka fi yi a wajen ɗiba ne. Ba a ɗiba daga wuri ɗaya. Ana zagawa cikin gonar a karkace, a ɗebi kaɗan-kaɗan daga wurare goma sha biyar zuwa ashirin, daga sama zuwa zurfin kamar santimita 20, a gauraya a bokiti mai tsabta, sannan a ɗauki kimanin rabin kilo. A guji gindin itace, da tsohon wurin tara taki, da inda aka ƙona kara. Idan gona tana da tudu da kwari masu bambancin ƙasa, kowanne a yi masa samfurinsa daban. Maimaita gwajin bayan kowace shekara uku ko huɗu ya wadatar.

Waɗanne dabaru aka fi ba da shawara a gona mai gangara?

Dukkansu suna komawa ga abu biyu: a rufe ƙasa, a kuma rage gudun ruwa. Dalilin na biyun shi ne idan gudun ruwa ya ninka sau biyu, ƙarfin da yake tafe da shi ya ninka sau huɗu, don haka duk abin da zai sa ruwa ya yi tafiyar hawainiya riba ce.

Mafi arha shi ne yin kunyoyi a giciye da gangara maimakon a miƙe daga tudu zuwa kwari, ta yadda kowace kunya za ta zama ƙaramar madatsa. Ba a dogara da ido wajen fitar da layin, ana amfani da ma'aunin sanduna uku mai igiya da dutse a rataye, ko siririn tiyo mai ruwa a ciki, kuma jami'i zai iya koya wa mutum cikin yini ɗaya. A bisa wannan layi akan jera duwatsu, ko a tada ganuwar ƙasa, ko a dasa ciyawa mai zurfin saiwa irin su jema, wadda ke tace ƙasa ta bar ruwa ya wuce a hankali, har bayan wasu shekaru gonar ta zama hawa-hawa da kanta. A yankin Machakos na Kenya manoma sun farfaɗo da tsaunukan da tun a shekarun 1930 aka fid da rai da su, ta hanyar haƙa rami a giciye suna jefa ƙasar ta ɓangaren sama.

Rufe ƙasa kuwa yana nufin barin kara da ganye a gona bayan girbi maimakon ƙonewa ko kwashewa ƙarƙaf, da shuka dangin wake ko wata ciyawa mai yaɗo a tsakani, da rage yawan kifar da ƙasa da garma. An daɗe da tabbatar da cewa idan kara ya rufe kashi 30 cikin 100 na fuskar gona, zaizayar ruwa takan ragu da kusan rabi. Na san cewa kara abincin dabba ne kuma makamashi ne, ba kowa zai iya barinsa duka ba, shi ya sa ya fi kyau a sasanta a kan wani kaso da za a bari, musamman a ɓangaren da ya fi gangara, da a ba da shawarar da ba za a bi ba.

A wuraren da ruwa ya yi ƙaranci kuma ƙasa ta yi tauri kamar daɓe, akan haƙa ƙananan ramuka a zuba taki a ciki kafin damina, gara ta shigo ta huda ƙasar, ruwa ya sami hanyar nutsewa. Marigayi Yacouba Sawadogo na Burkina Faso ya shahara da inganta wannan tsohuwar dabara, har ya mai da fako daji.

Kwazazzabo ya riga ya buɗe. Zan iya cika shi da shara ko ɓaraguzan gini?

Ba a ba da wannan shawara. Ruwan da ya haƙa ramin yana nan tafe, zai kwashe abin da aka zuba ko ya buɗe sabuwar hanya a gefe, sharar kuma ta gurɓata ruwan waɗanda ke ƙasa da kai. Kwazazzabo daga kansa yake ci, yana ja da baya zuwa tudu, don haka maganinsa yana farawa ne daga sama, ta hanyar rage ruwan da ke isowa gare shi. Bayan haka sai a karya gaɓar kan ta zama mai saukin gangara, a shimfiɗa duwatsu, a gina ƙananan shingaye na dutse ko na itace a cikin ramin, a jere, kowanne tsakiyarsa ta fi gefensa ƙasa domin ruwa ya bi ta kai maimakon ya zagaye. Ƙananan shingaye da yawa sun fi babba guda ɗaya aminci. Idan laka ta taru a bayansu, a dasa ciyawa da itatuwa, a kuma hana dabbobi shiga har sai wurin ya kama. Ramin da zurfinsa ya wuce tsayin mutum, ko wanda ya doshi gida ko hanya, aikin injiniya ne, kada a taɓa shi ba tare da an auna ba.

Me ya sa ake matsa mini in haɗa kai da maƙwabta, alhali gonata kawai nake son gyarawa?

Saboda ruwa bai san iyakar gona ba. Duk filin da ruwansa ke gangarawa zuwa rafi ɗaya, a wajen ruwa gona ɗaya ce, ko da masu ita ɗari ne. Milimita 1 na ruwan sama a kan hekta 1 lita 10,000 ne, ke nan ruwan milimita 40 da ya sauka cikin sa'a guda a kan hekta 50 na tudun da aka sare ya kai lita miliyan 20, kuma idan rabinsa ya malalo, babu ganuwar da manomi ɗaya a kwari zai gina ta tare shi. Haka kuma wanda ya karkatar da ruwa daga gonarsa ba tare da shawara ba, kan maƙwabcinsa ya tura shi, kuma da yawa daga rigingimun iyaka daga nan suke tasowa.

Wannan shi ne ainihin dalilin da ya sa ake buƙatar ofishi na yanki, kuma a ganina shi ne aikinsa mafi daraja, ya fi rabon dashe da gwajin ƙasa. Shi ne zai iya zaunar da na tudu da na kwari, ya nuna musu taswira ɗaya, a yarda cewa aiki zai fara daga sama ya sauko, a kuma sasanta yadda na kwari, waɗanda za su fi cin moriya, za su taimaka wa na tudu da hannu ko da kaya. A tudun ƙasar rawaya na arewacin Sin, babban aikin da aka fara a 1994 tare da Bankin Duniya ya yi nasara ne saboda an ɗauki kowane kwari gaba ɗayansa, an tsara kiwo, an kuma ba manoma tabbacin cewa filin da suka gyara zai zauna a hannunsu na tsawon lokaci. Elinor Ostrom, wadda ta sami kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2009, ta nuna cewa al'ummomi da dama sun riƙe dazuzzuka da wuraren kiwo da magudanan ban-ruwa na ɗaruruwan shekaru, matuƙar su ne suka tsara dokokin, iyakoki a bayyane suke, akwai masu sa ido daga cikinsu, kuma hukunci yana farawa da sauƙi kafin ya yi tsanani.

Rijiyoyinmu suna ƙafewa da wuri. Shin ƙara zurfi ne mafita?

Wani lokaci shi ne mafitar gaggawa, amma idan kowa ya ƙara zurfi, ruwan ƙarƙashin ƙasa zai ci gaba da sauka, mai ƙaramin ƙarfi ne kuma zai fara rasawa. Ruwan rijiya ruwan sama ne da ya sami damar nutsewa, don haka duk dabarun da aka ambata na rage gudun ruwa suna ciyar da rijiya. A jihar Rajastan ta Indiya, ƙauyuka sun sake gina ƙananan madatsun ƙasa na gargajiya tare da wani mai fafutukar kare ruwa, Rajendra Singh, tun daga tsakiyar shekarun 1980, har rijiyoyi da wasu koguna da suka ƙafe suka dawo. Ofishin yanki zai iya taimakawa wajen zaɓen inda za a yi tafki ko madatsar yashi, da kuma ajiye tarihin zurfin ruwa a wasu zaɓaɓɓun rijiyoyi kowane wata, wanda shi ne kawai zai nuna ko ana ɗiba fiye da abin da ke shiga.

Rufin gida ma abin lissafi ne. Rufi mai faɗin murabba'in mita 100, a wurin da ake samun milimita 500 a shekara, yana karɓar lita 50,000, kuma ana iya tara mafi yawansa idan akwai indararo da tanki mai murfi. A bar ruwan farko ya wanke rufin ya zube kafin a fara tarawa.

Ruwanmu garau yake. Akwai buƙatar a gwada shi?

Akwai, domin ƙwayoyin cuta da sinadarin naitiret ba su da launi ko wari. Naitiret yana fitowa daga taki da kashin dabbobi da masai, yana da haɗari musamman ga jarirai 'yan ƙasa da wata shida, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a miligiram 50 cikin lita 1. Ya kamata a gwada rijiyar sha sau ɗaya a shekara, da kuma bayan kowace ambaliya. A nisanta masai da turken dabbobi daga rijiya da aƙalla mita 30, su kasance a ɓangaren gangare, a ɗaga bakin rijiyar a yi masa daɓe da murfi, kuma kada a wanke tankin feshi ko a jefar da galan ɗin maganin ƙwari kusa da ruwa. A bakin rafi kuwa, barin zirin ciyawa da itatuwa ba tare da nomawa ba yana tace laka da taki kafin su shiga ruwa. Takin da ke malala daga gonakin kwarin kogin Misisifi na Amurka shi ne ke haddasa wani makeken yanki a mashigin tekun Meksiko inda iskar shaƙa ke ƙarewa a ƙasan ruwa kowace bazara, kifi ya gudu ko ya mutu, kuma abin da ke faruwa a can yana faruwa a ƙaramin tafki idan ya yi kore.

Ina ban-ruwa, sai ga fari-fari kamar kanwa a saman ƙasa. Mene ne wannan?

Gishiri ne. Kowane ruwa yana ɗauke da ɗan gishiri, idan rana ta ƙafar da ruwan sai gishirin ya zauna, musamman inda ake yawan shayarwa ba tare da magudanar da za ta fitar da rarar ruwa ba. Maganinsa shi ne a gyara magudana tukuna, sannan a wanke gishirin zuwa ƙasa da ruwa mai kyau, a kuma daina shayarwa fiye da buƙata. Noma ne ke shan kusan kashi 70 cikin 100 na ruwan daɗin da ɗan Adam ke ɗiba, kuma tafkin Aral da ke tsakiyar Asiya, wanda ya taɓa zama na huɗu a girma a duniya, ya ƙanƙance ne bayan an karkatar da kogunansa biyu zuwa gonakin auduga tun daga shekarun 1960.

Itatuwa ba sa cinye wa shuka ruwa da haske?

Suna ci idan an zaɓi irin da bai dace ba ko an bar su ba sassabe. Amma jerin itatuwan da aka dasa a giciye da iska yana kare fili mai nisan da ya kai tsayinsu sau goma ko fiye, ganyensu taki ne, wasunsu kuma kamar gawo suna zubar da ganye da damina, lokacin da shuka ke buƙatar haske. Ba dole ba ne kuma a fara da dashe, wanda yawancinsa ke mutuwa a ranin farko idan babu shayarwa da kariya. A Jamhuriyar Nijar, tun daga 1983 wani masanin aikin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, da manoman yankin Maraɗi suka yaɗa dabarar renon tohon kututture, inda ake zaɓar rassa kaɗan masu ƙarfi a sare sauran, kuma an ƙiyasta cewa ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5. Abin da ya ba ta ƙarfi shi ne manomi ya tabbata cewa itacen da ya rena nasa ne.

Ina makiyaya suka shigo cikin wannan aiki?

A tsakiyarsa suke, kuma duk tsarin da aka yi ba da su ba zai rushe a ranin farko. Abin da ke kashe ciyawa shi ne a sake cinye ta kafin ta farfaɗo, don haka akan raba wurin kiwo kashi-kashi, ana hutar da wani ana kiwo a wani, a tanadi mashaya fiye da ɗaya don kada kofato ya daddaɓe wuri guda, a kuma bar hanyoyin dabbobi a buɗe. Kashin dabba kuwa shi ne takin da ya fi gina jikin ƙasa.

Gonar aro ko ta haya nake nomawa. Zan iya neman taimako?

Za ka iya, haka ma matan da ke noma filin miji ko na dangi, da makarantu, da masu ɗan lambu a bayan gida. Ayyukan shekara guda, kamar kunyoyi a giciye da barin kara, ba sa buƙatar izinin kowa. Amma ganuwa da tafki da itatuwa suna buƙatar yardar mai ƙasa, kuma ya fi kyau a rubuta shekarun da za ka ci gaba da noma wurin, a gaban shaidu, don kada ka gyara gona a karɓe ta ranar da ta fara kyau.

Yaushe zan fara ganin sakamako?

Ya danganta da aikin. Jeren duwatsu da ramukan taki sukan nuna bambanci tun a damina ta farko, musamman idan an yi ɗan fari a tsakiya, domin shukarsu takan jure fiye da ta maƙwabta. Zirin ciyawa yana buƙatar damina biyu kafin ya haɗe. Itatuwan kare iska suna ɗaukar shekara uku zuwa biyar, ruwan rijiya kuma yakan ɗauki shekaru kafin ya nuna ya ɗago. Ƙaruwar ruɓaɓɓen taki a jikin ƙasa ita ce mafi jinkiri, gwaji ba ya cika nuna ta kafin shekara biyar, kuma a shekarun farko na rage huɗa amfanin gona yana iya ɗan raguwa, ciyawa ta ƙaru, abin da ya kamata jami'i ya faɗa maka tun farko. Saboda haka ka fara da wani ɓangare na gonar, ka bar na kusa da shi yadda ka saba, ka riƙa rubuta ranar shuka da yawan abin da ka girbe a kowanne, ka kuma kafa turke mai alama a bayan kowace ganuwa domin ka auna ƙasar da ta taru a ƙarshen damina.